Cinikin domen a Damagaram: kwamfutar tebur, laftof, tabilet ko waya?

Wani ƙanenmu daga Garin Malam ya kawo tambaya. Ya tara jika 200, yana son shiga sana'ar sayen sunayen shafukan intanet, waɗanda ake kira domen, ya ajiye su har Allah Ya kawo mai saye da riba. Yana da wayar Android a hannu. Tambayarsa ita ce, ya sayi kwamfutar tebur, ko laftof, ko tabilet, ko kuwa ya canza waya ya zuba sauran kuɗin a jari?

Ƙanena, riƙe wayarka yadda take, ka nemi laftof ta hannu mai lafiyayyen batir, kuma kada ka yarda ta cinye kuɗin duka. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da ya sa na ce haka.

Kafin a auna na'urorin, sai a san aikin da za su yi. Sana'ar nan ba ta buƙatar inji mai ƙarfi. Ba haɗa fim za ka yi ba, ba zanen gini ba. Kusan komai a cikin burawuza ake yinsa. Abin da take buƙata shi ne ido. Kowace rana dubun-dubatar sunaye suna faɗuwa daga hannun masu su saboda ba a sabunta hayarsu ta shekara ba, shafin ExpiredDomains.net kuma yana jera su layi-layi, kowane suna da shekarunsa, da tsawonsa, da sauran bayanai a gefensa. A cikin wannan tari za ka tsinci biyu ko uku. Kowane ɗaya da ka tsinta kuma sai ka bincike shi. Ka buɗe NameBio ka ga nawa aka sayar da ire-irensa. Ka buɗe Wayback Machine ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kansa, don sunan da aka yi caca ko zamba da shi yakan zo da baƙin jini. Ka duba rumbun tambarin kasuwanci na hukumar WIPO da ke Janiba, saboda tun 1999 akwai ƙa'idar UDRP da ke ba mai tambari damar ƙwace sunan daga hannunka idan an ga ka yi rajistarsa ne don cin albarkacin sunansa. Sannan ka koma teburin lissafinka na Excel ko Google Sheets ka rubuta. Shafi biyar ke nan a buɗe saboda suna guda.

A nan waya take gazawa. Za ta buɗe su duka, amma ɗaya-ɗaya za ka riƙa gani, kana ja da yatsa hagu da dama, kafin ka isa ƙarshen layi ka manta farkonsa. Kamar mutum ne yana zaɓen rago a cikin garke ta ramin zana: yana ganin dabba, amma ba ya ganin ta kusa da ita balle ya gwama. Sai gajiya ta sa ka daina binciken, ka saya da zuciya. Mafi yawan asarar sababbin shiga daga nan take, sayen sunan da ba wanda zai taya.

Akwai kuma ƙanƙantar rubutu. Ɗauki wayarka ka rubuta r da n a manne, ka miƙa hannu ka duba, m za ka gani. Haka ƙaramin l da lambar 1, haka O da sifiri. Wasu sunayen ma da haruffan Rashanci ake haɗa su, su yi kama da namu sak, asalinsu kuwa da xn-- yake farawa. A gwanjon domen da ake yi a intanet ana sa irin waɗannan, mai gaggawa ya taya yana murna ya samu araha, kuma tayin gwanjo alkawari ne, in ka ci sai ka biya. Wasiƙun ƙarya ma haka. Za a aiko maka imel cewa domen ɗinka ya kusa mutuwa, danna nan ka biya. A laftof kana ɗora linzami a kan mahaɗin za ka ga ainihin inda zai kai ka a ƙasan gilashi tun ba ka danna ba. A waya sai ka danne ka riƙe, kuma adireshin yakan fito a gutsure.

Duk da haka ba ka da abin da zai maye gurbin wayar, kuma ina son ka ji wannan da kyau. Masu saye da yawa a Amurka suke, tsakaninmu da gabashinta awa 5 ne a wasu watanni, 6 a wasu. Mutum zai aiko tayi ta kasuwar domen irin Afternic ko Sedo da rana a can, a nan kuwa an yi isha'i kana fada ana shayi. Waya ce za ta yi ƙara a aljihunka. Gwanjo da yawa ma da yammacinmu ko darenmu suke rufewa, kuma a na kamfanin rajista GoDaddy idan wani ya ƙara tayi a mintocin ƙarshe sai a tsawaita lokaci, ka ga dole ka kasance kusa. Ita ce kuma za ta ba laftof ɗin intanet, ko layin Airtel ne da kai, ko Moov, ko Zamani. Shawarata ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, don ranar da rezo ɗin ɗaya ya yi ƙasa ana tsakiyar ciniki.

Babban aikinta kuwa tsaro ne. Domen ba shi da takardar fili. Wanda ya shiga asusunka ya karɓi lambar canja wuri, ya kwashe dukiyarka zuwa wani kamfanin rajista, dawo da ita wahala ce babba. Saboda haka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai ka sa wata lamba ta daban kafin ka shiga, kuma ka yi ta da manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon waya, don layi yana ɓata, ana rufe shi, ana iya fitar da shi da sunan wani. Amfanin raba aikin gida biyu ke nan: kalmar sirri tana laftof, lambar tabbatarwa tana waya, ɓarawo sai ya haɗa biyun. Wanda ya tara komai a waya ɗaya, imel da asusu da lambobi, ranar da ta faɗi a kan kabu-kabu ya zubar da shagonsa duka a titi. Mu kuma a nan waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙane zai ara ya yi kira, yaro zai ɗauka ya yi wasa. Sa mata makulli mai ƙarfi tun yau.

Kwamfutar tebur fa? In da wuta ba ta yankewa, da ita zan ce ka saya ba tare da dogon tunani ba. Da kuɗi ɗaya ta fi laftof ƙarfi, gilashinta ya fi faɗi, kana iya jera shafi biyu gefe da gefe ba ka matse ido ba. In wani abu ya lalace a cikinta, mai gyara zai cire ya sa wani cikin sauƙi. Ba kuma wanda zai zo ya ce ara mini ita zuwa gobe. Amma kai ma ka san halin da muke ciki. Wani kaso mai yawa na wutarmu daga Najeriya yake zuwa, kuma duk wanda yake garin nan a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse ta, bai manta ba. Ko ba wannan ba, bazara tana shigowa, daga Maris zuwa Mayu, kowa ya kunna fanka da firji, ɗaukewar wuta sai ta ƙaru. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa nan take, ko da saura minti biyu gwanjo ya rufe. Sai ka haɗa mata ondiler, shi ma ƙaramin mintoci kaɗan yake riƙewa, iya ka adana aiki ka kashe. Ita da gilashinta sukan ja wat 100 ko fiye, cajar laftof kuwa yawanci wat 45 ce zuwa 65, ƙaramin pano da batir sun ishe ta. Ga ƙurar hunturu da fankarta ke zuƙa wuni guda. Wanda yake da shagon buga takardu a bakin Kasuwar Dole ko kusa da Jami'ar André Salifou, ya riga ya kafa pano, yana zaune wuri ɗaya daga safe har dare, shi ta dace da shi. Kai da jika 200, kayan riƙe mata wuta kaɗai za su cinye jarinka.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa inji mai sauri ne ke cafke suna a daidai lokacin da ya faɗi. Sunan .com da ba a sabunta ba yana bin matakai: kwanakin sassauci da kan kai 45, sannan kwana 30 na fansa da tara, sannan kwana 5 na jiran gogewa. Sa'ad da ya faɗi, kamfanoni irin su DropCatch da SnapNames ne ke kokawa a kansa da injinansu, DropCatch ma da ɗaruruwan lasisin rajista take yi. Ba kwamfutar da za ka ajiye a ɗaki ta riga su. Abin da kake yi shi ne ka ba su oda tun da wuri, wannan kuwa ko tsohuwar laftof ta iya.

Tabilet ba zan daɗe a kanta ba. Gilashinta ya fi na waya, tana da daɗin karatu, amma teburin lissafi a kanta wahala ne, kuma in ka saya mata kilabiye kuɗin ya kusa na laftof ta hannu. Masu arahar da ke yawo a kasuwa kuma da yawa ba sa samun sabuntawar tsaro, ga ƙaramin ƙwaƙwalwa, kana buɗe shafi na huɗu na farko ya rufe. Ba ta shiga aljihu kamar waya, ba ta aiki kamar laftof. In akwai ta a gida, yi amfani da ita wajen duba jeri da dare. Kada ka fitar da kuɗi dominta.

Saura laftof. Fifikonta a garin nan batir ne, ondiler ɗinta yana cikinta. An ɗauke wuta, kana ci gaba. Zafi ya yi yawa a ɗaki, ka fito da ita tsakar gida. Amma ta hannu sai da lura, kuma ga inda ake cutar mutane. Mai sayarwa zai kunna maka ita caja a jone. Ce masa ya zare, ka zauna ka buɗe shafuka ka sa ido a kan lambar batir na rabin awa. In Windows ce, akwai umarnin powercfg /batteryreport da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 da ma'ajiyar SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana son injin Intel daga tsara ta 8 zuwa sama. In wadda ka samu ta girmi haka, a sa mata Linux Mint ko Ubuntu maimakon Windows, tunda aikinka a burawuza yake ba abin da za ka rasa. Ko wacce ce, a goge ta tas a sake zuba mata manhaja kafin ka shiga asusunka, ba ka san abin da mai ita na farko ya bari ba. Saboda wannan dalilin ne ma ban yarda ka shiga asusun a kwamfutar siber ba.

Ka duba kilabiye ma. A kasuwarmu iri biyu ne suke haɗuwa, AZERTY na tsarin Faransa, da QWERTY irin waɗanda ake shigowa da su ta Kano. A AZERTY ɗigo sai ka danne Shift, lambobin layin sama ma haka, kai kuwa wuni za ka yi kana rubuta ɗigo da lambobi. In hannunka ya saba da shi tun makaranta, ba laifi. Abin gudu shi ne wadda aka rubuta wani tsari a kan maɓallai, manhajar ciki kuma tana bin wani, ka danna a ta fito q. Da irin wannan ake rajistar suna da kuskuren harafi ɗaya, kuma ba ko'ina ake mayar da kuɗi ba.

Na ce kada laftof ta cinye kuɗin, ga lissafin. Domen haya ce ta shekara. Verisign, mai riƙe da .com, ta kai kuɗin da take karɓa a kan kowane suna dalar Amurka 10.26 a Satumba 2024, kamfanonin rajista irin su Namecheap da Dynadot da Porkbun kuma suna ɗora nasu a kai. Suna 50 ke nan sun haura dalar Amurka 500 a shekara, sama da jika 250, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Kowa yana ba da labarin Voice.com da aka sayar dalar Amurka miliyan 30 a 2019, amma mafi yawan sunaye shekara da shekaru suke yi ba wanda ya taya, in an saya kuma kasuwar da ta haɗa ku za ta cire la'adarta. Ga kuɗin forfe na wata-wata. Saboda haka in laftof ɗin da ka gani za ta wuce rabin abin da ka tara, dakata ka ƙara nema. Kafin nan yi karatun sana'ar a wayarka, ka riƙa bin cinikin da NameBio ke fitarwa kullum, wannan ba ya buƙatar babban gilashi. Sayen sunayen ne nake so ka jinkirta har laftof ɗin ta samu.

Ranar da ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, idan an ba ka lambobin ko-ta-kwana, rubuta su da biro a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun haihuwa, kada ka ɗauke su hoto a wayar. Ka kunna makullin hana canja wuri a kan kowane suna, ranakun sabuntawa kuma ka sa su a kalandar waya, ta tuna maka saura wata guda.