Ɗakin sauraro a Marwa: madam ɗin da ba ta katse mutum

Masu tambayata wai ya wajen ba da shawarar nan yake, wanda nake raka yayata a unguwar Domayo da ke Marwa ta Kamaru, to ga abin da na gani. Yaya tun harin bam ɗin kasuwar Marwa na Yulin 2015 barci ya ƙaurace mata, ko tayar moto ce ta fashe sai jikinta ya hau ɓari, an yi rubutu an yi tofi an karɓo ƙwayar barci a farmasi, da sauƙi dai amma abin na nan.

Dalilin da zan ce ku je guda ne, madam ɗin da ke ba da shawarar ta iya shiru. Mu a gida mutum bai rufe baki ba an cika shi da "sai haƙuri", "ƙaddara ce", "wance ma nata ya fi naki", da zuciya ɗaya ake faɗa fa amma maganar ta mutu kenan. Ita kuwa tambaya ɗaya za ta yi ta zauna, ba duba waya ba rubutu a littafi ba kuma ƙura ido, in Yaya ta tsaya tsakiyar zance sai dai "uhm, ina jin ki Hajiya" ta ƙyale ta, wallahi a wannan tsayawar ne abin da ta yi shekaru tana haɗiyewa yake fitowa. Tun ranar farko madam ta ce shirunta ba fushi ba ne, lokaci take ba mutum ya tattaro tunaninsa, kuma gara da ta faɗa, don mu in babba ya yi maka shiru ka san ka yi laifi. In ta ga shirun ya fara nauyi, mutum na murza yatsu yana kallon ƙofa, sai ta maimaita kalmar ƙarshe da aka faɗa, zancen ya ci gaba. Yanzu ma Yaya cewa take "ke jira ni a waje", ban ji haushi ba.

Inda suka gaza kam, alƙawarin ƙarfe tara sai wajen sha ɗaya ake shiga, bangon ɗakin kuma bai tare hayaniyar masu jira. Takardu duk Faransanci. Madam Fulatanci da Faransanci take ji sosai, Hausarta kame-kame ce, ranar da aka sa mana tafinta kuwa bawan Allah duk inda aka yi shiru sai ya cike da nasa wa'azin, ranar Yaya ba ta faɗi komai ba. In kina jin Fulatanci ki ce ba kya buƙatarsa.