Tagullar Benin: Hoto a Intanet ko Kaya a Hannu?

Kayan tagullar da sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Oba na Benin, a jihar Edo ta yau a Najeriya, a 1897 sun warwatsu a duniya. Shafin Digital Benin, da aka buɗe a 2022, ya fara da hotuna da bayanan guda sama da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Ɗalibi zai duba wanda ke Berlin ta wayarsa, ba biza, ba kuɗin jirgi.

Maido da kayan kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ko da yake Holland ta dawo da 119 a 2025. Amma maƙerin unguwar Igun, ta masu zubin tagulla a birnin Benin, so yake ya juya abin a hannu, ya ji nauyinsa, ya ga yadda kakanninsa suka yi zubi. Hoto ba zai ba shi wannan ba. Shafin dai ya tona inda kowanne yake ajiye.