Laimar da kwale-kwale ke ja ko wadda ake tashi da ita daga kan dutse: wacce ta dace da sabon shiga?

Ɗan'uwa, ka ce za ka tafi hutu bakin teku, ka kuma ga tallar wasanni biyu masu kama da juna. A ɗaya ana ɗaure mutum a jikin laima, kwale-kwale mai inji ya ja shi sama, a ɗayan kuma ana tashi daga kan dutse tare da matuƙi a sauko bakin ruwa, kana neman sanin wanda ya fi dacewa da mutumin da bai iya iyo ba, yake kuma ɗan tsoron tsayi. Na farkon shi masu harkar ke kira farasailin, na biyun faragilaidin, amma don sauƙin bayani zan ce da su laimar ruwa da laimar dutse. Shawarata ita ce ka fara da laimar ruwa, da sharaɗin ka tantance kwale-kwalen da za ka hau da yanayin ranar, domin sauƙin da ke cikinta shi ne yake jawo wa mutane sakaci.

Daga nesa abu ɗaya ake gani, wato mutum rataye a ƙarƙashin yadi mai launi, amma yadda suke aiki ya sha bamban. Laimar ruwa ba ta tashi da kanta. Zagayayya ce, kusan irin wadda sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama, sai dai an yi mata tsage-tsage da ke fitar da iska ta baya, su sa ta haura idan aka ja ta. Wani Bafaranshe mai suna Pierre-Marcel Lemoigne ne ya ƙirƙiro wannan samfuri a farkon shekarun 1960, an kuma fara amfani da shi wajen koyar da masu dirowa ba tare da an yi hayar jirgi ba. A shekarun 1970 Mark McCulloh na birnin Miami a Amurka ya haɗa kwale-kwale mai injin naɗe igiya da dandamali a bayansa, wanda shi ya mayar da abin sana'ar masu yawon buɗe ido. Wanda ke sama ba ya tuƙa komai, ba shi ma da abin tuƙawa. Tsayinsa da gudunsa da saukarsa duk suna hannun direban kwale-kwalen, abin da ya haɗa su kuma igiya ce tilo.

Ita kuwa laimar dutse fiffike ce ta gaske. Yadi ne hawa biyu da aka raba gida-gida, bakin kowane gida a buɗe ta gaba, iska ta cika shi ya miƙe ya ɗauki siffar fiffiken jirgi. Wasan ya kankama ne a 1978 a garin Mieussy da ke tsaunukan Faransa, inda wasu masu dirowa da laima suka gwada gudu daga gangaren dutse a maimakon fitowa daga jirgi. Babu inji, babu igiyar da ta haɗa ka da ƙasa. Matuƙin da ke zaune a bayanka yana riƙe da igiyoyin birki biyu, na dama da na hagu, da su yake juyawa yake kuma rage gudu. Fiffiken yakan ci kimanin mita takwas zuwa goma gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, kuma idan matuƙin ya samu iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa, ko wadda ta bugi jikin dutse ta haura, yana iya kewayawa a cikinta ya ƙara tsayi.

Wajen tashi ne bambancin ya fi shafar sabon shiga. A kan kwale-kwale mai injin naɗi, za a sa maka rigar da ke hana nutsewa, a zura maka ɗamarar da ke zagaye cinyoyi da ƙugu, a buɗe laimar a baya har ta cika, sannan a kira ka ka zauna a kan dandamali ka miƙe ƙafafu. Ma'aikaci zai maƙala ƙugiyoyin ɗamararka biyu a jikin laimar, direba ya saki igiya a hankali, sai kawai ka ga dandamalin yana zamewa daga ƙarƙashinka. Ba gudu, ba tsalle, ba kuma fizga. Da an yi nisa ƙarar injin za ta ragu har mutum biyu da aka ɗaure tare su iya hira ba tare da ɗaga murya ba. Sauka ma haka take, injin ya naɗo igiyar har ka taka dandamalin a tsaye, kuma idan ba ka nemi direba ya rage gudu ya tsoma ƙafafunka a ruwa ba, kana iya gamawa ko jiƙewa ba ka yi ba. A laimar dutse kuwa da kai ake aikin tashin. Za ka tsaya a gangare da hular kwano a kai, matuƙi ya ɗaga fiffiken, ka ji an ja ka baya da ƙarfi, sannan ya umarce ka da ka yi gudu ka nufi inda ƙasa ta ƙare, kada ka zauna, kada ka tsaya, sai ƙafafunka sun daina taɓa ƙasa. Fasinjan da tsoro ya kama ya zauna kafin lokaci yakan jawo su faɗi su biyu a kan gangaren, kuma wajen tashi da sauka ne aka fi samun targaɗe da karaya a wannan wasa.

Akwai wani nau'in laimar ruwa da ya kamata in raba shi da wanda na bayyana, wato wanda ake tashi daga kan rairayin bakin teku. A nan fasinja ne zai yi gudu yayin da kwale-kwale ke ja, wajen sauka kuma a busa masa usur ko a ɗaga tuta ya ja wata igiya da kansa don laimar ta karkato kan tudu, inda akwai itatuwa da gine-gine da masu wanka. Wannan ya ɗora wa wanda bai taɓa yi ba aikin da ba a koya masa ba, don haka ban ba ka shawarar shi ba.

Ta fuskar tsayi da daɗewa, laimar dutse ta yi wa ta ruwa nisa. A Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙayyade wa laimar ruwa ƙafa 500, kimanin mita 150, kuma tsawon igiyar da ake tallatawa ba shi ne tsayin ba, tunda igiyar a karkace take tafiya. Zaman sama yakan kasance minti goma ko ɗan fiye, sauran lokacin a cikin kwale-kwale za ka yi shi kana jiran a gama da sauran fasinjoji. A Oludeniz ta ƙasar Turkiyya kuwa ana tashi ne daga dutsen Babadag mai tsayin mita 1,969, a shafe kusan rabin awa kafin a sauka a bakin teku. Irin wannan ake yi a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil daga dutsen Pedra Bonita, da kuma Cape Town ta Afirka ta Kudu daga tsaunukan Signal Hill da Lion's Head. Sai dai ba kowane bakin teku ne ke da dutsen da ya dace ba, alhali laimar ruwa ana samunta kusan duk inda masu hutu ke taruwa.

Batun haɗari shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Mutane kan ɗauka cewa tunda laimar ruwa ba ta buƙatar ƙwarewa daga fasinja, kuma ruwa ne a ƙasa, to babu abin fargaba. Idan iska a kwance take, akwai gaskiya a wannan zato, domin ko injin ya mutu ko igiya ta tsinke, laimar za ta sauko da kai cikin ruwa sannu a hankali, rigar ta riƙe ka har a zo a ɗauke ka. Matsalar ita ce igiya ba ta cika tsinkewa a kwantacciyar iska ba. Takan tsinke ne lokacin da hadari ya taso, iska ta fi ƙarfin injin naɗi, aka kasa jawo fasinja ƙasa. A wannan hali laimar ba ta sauka, tana tafiya ne da mutum inda iska ta nufa, ko ta riƙa jan sa a kan ruwa, ko ta kai shi tudu, shi kuwa ba shi da hanyar juya ta. A watan Yulin 2013 a Panama City Beach ta jihar Florida igiya ta tsinke da wasu 'yan mata biyu, iska ta buga su a jikin wani dogon gini kafin su faɗo, suka tsira da munanan raunuka. A 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman kan wannan wasa, inda ta nuna cewa tsinkewar igiya ce kan gaba wajen jawo rauni da mutuwa, kuma ƙullin da aka fi amfani da shi wajen ɗaure igiyar yana iya rage mata ƙarfi da kusan kashi 70 cikin ɗari, ban da abin da rana da gishirin teku da yawan naɗi suke ci a jikinta. A wannan shekarar ce Florida ta kafa dokar White-Miskell, wadda ta wajabta inshora, ta kuma hana tashi idan gudun iska ya wuce mil 20 a awa, kimanin kilomita 32, ko ana walƙiya a cikin tazarar mil 7. Ƙasashe da yawa ba su da irin wannan doka, amma babu abin da zai hana ka riƙe waɗannan alƙaluma su zama ma'auninka a duk inda ka je.

Haɗarin laimar dutse na wani jinsi ne daban. Fiffiken yadi ne, iska ce kaɗai ke riƙe da siffarsa, saboda haka iska mai hargitsi tana iya naɗe gefensa ɗaya, kuma gyara wannan cikin daƙiƙu aikin matuƙi ne. Akwai laimar ko-ta-kwana da yake jefawa idan abin ya ƙi gyaruwa, amma tana buƙatar isasshen tsayi kafin ta buɗe, abin da ke ƙasa kuma dutse ne da itatuwa. A nan ranka, bayan ikon Allah, yana rataye ne ga ƙwarewar mutum ɗaya da hukuncin da ya yanke kan yanayi. Abin da ya fi a wannan ɓangare shi ne ana horar da matuƙan, a ƙasashe da dama kuma ɗaukar fasinja yana da lasisinsa na musamman da za ka iya neman a nuna maka. A ganina duk da haka kuskure a kan dutse ya fi tsada, ko da yake matuƙin yana da dabarun kuɓuta da fasinjan laimar ruwa ba shi da su.

Rashin iya iyo ba ya hana laimar ruwa muddin tashi da sauka a kan kwale-kwale ne, amma ka sanar da ma'aikatan tun farko, ka tabbatar rigar daidai jikinka ce kuma an ɗaure ta tamau, domin sakakkiyar riga takan haura ta rufe fuska a cikin ruwa. Tsoron tsayi kuwa, da yawa daga masu fama da shi sukan ce bai dame su a sama ba kamar yadda yake damunsu a bakin bene, watakila saboda a zaune suke kuma babu wani gefen da ido zai auna zurfi da shi. Wannan ma ya fi sauƙi a laimar ruwa, inda ake haurawa a hankali, ba a ce ka ruga da ƙafarka ka nufi rami ba. Tashin zuciya yana iya zuwa ta kowane ɓangare, a ɗaya daga rangajin kwale-kwale lokacin jira, a ɗayan daga kewaye-kewayen matuƙi, wanda kana da ikon ce masa ya bari.

Kafin ka biya, je ka tsaya ka kalli yadda suke yi da wasu. Dubi igiyar da kyau, musamman kusa da ƙulli. Idan ta koɗe, ta yi gashi-gashi, ko ta yi tauri da gishiri, to ta sha aiki. Dubi ɗinkin ɗamara da ƙugiyoyin ko sun yi tsatsa. Tambayi direba a wane ƙarfin iska yake dakatar da aiki, domin wanda ya san sana'arsa zai faɗa maka adadi nan take, wanda kuma ya ce shi ba ya fasawa ya riga ya ba ka amsa. A yawancin gaɓar teku iska ta fi kwanciya da safe, ta ƙaru bayan rana ta take, don haka nemi layin farko, kuma in ka hango baƙin hadari a nesa ka haƙura ko da ka riga ka biya. Sa wando, saboda maɗaurin ɗamarar ta tsakanin cinyoyi yake bi, ka kuma bar duk tufa mai faɗi da za ta iya sarƙewa a ƙugiya. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko zuciya su bar duka biyun sai da izinin likita.

Idan ka yi laimar ruwa ka ga ta yi maka sanyi, wato ka ji kamar zama kawai ka yi a sama, to laimar dutse ce mataki na gaba, kuma a nan takalmi rufaffe mai kama ƙasa wajibi ne. Duba takardar inshorar tafiyarka tukuna, domin da yawa suna cire wannan wasa daga abin da suke biya sai an ƙara kuɗi. Idan kuma shirin hutunka ya haɗa da nutso da tukunyar iska, kada ka hau dutse mai tsayin Babadag a ranar da ka yi shi, domin ƙa'idar da aka ba masu nutso kafin hawa jirgin sama, wato jiran aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya da awa 18 bayan nutso da yawa, ta shafi irin wannan tsayi ma.