Lezar daidaita madubin na'urar hangen taurari: wacce za a saya, da me za a haɗa ta

Na'urar hangen nesa irin ta Newton, mai babban madubi a gindi da ƙaramin madubi a karkace kusa da baki, ba ta zama yadda aka bar ta. A sa ta a mota a fita bayan garin Sakkwato, wajen Kware ko hanyar Bodinga, don gudun hasken fitilu ko duban jinjirin wata, kafin a isa gargadar hanya ta gusar da madubin. Sai Mushtari ya yi dishi-dishi, taurari su fitar da 'yar jela gefe guda, mai na'ura ya ɗora wa hazo laifi. Ba ko yaushe hazo ba ne.

Yawan kulawar da ake bukata wajen daidaita madubin ya danganta da lambar f da ke jikin na'urar, wato nisan da madubi ke tara haske a raba shi da faɗin madubin. Wurin da hoto ke fita tsaf a tsakiyar gilashin ido, wanda ake leƙa na'urar ta cikinsa, ƙarami ne ƙwarai: faɗinsa kusan milimita 11 ne a f/8, ƙasa da 5 a f/6, kusan 2.8 a f/5, sannan 1.4 kacal a f/4. Mai f/8 zai iya wucewa da murfi mai ɗan rami a tsakiya, da ake sawa a mazaunin gilashin ido a leƙa saitin madubi. Mai f/5 kuwa dole ya nemi kayan aiki na gaske.

Lezar da aka fi samu ita ce mai araha, irin SVBONY SV121 da takwarorinta na Astromania. Jan haske take fitarwa, tana shiga fokasa (bututun da ake sa gilashin ido) mai inci 1.25, galibi da zoben ƙari na inci 2, tana da taga mai farar fuska a karkace inda hasken ke dawowa, da makunni mai matakan haske. Tagar nan ita ce babban amfaninta: kana tsugune a gindin na'ura kana murɗa noti, kana ganin ɗigon yana tafiya, ba sai ka kira wani ya leƙa maka ba. A cikin duhu ma tana aiki.

Amma kada ka yarda da ita daga kwali. Lezar kanta tana iya zuwa a karkace, musamman bayan doguwar tafiya daga waje, kuma awo da ita a haka tamkar awo ne da mudun da ya lotse. Gwajin ba wuya. Ka sa kafinta ya kafa ƙusa huɗu a katako, biyu-biyu a gicciye, su zama mazauni. Ka ɗaure katakon a tebur, ka kwantar da lezar a kai, ka haska bango mai nisan mita 5 da ka manna wa takarda. Sai ka riƙa mirgina ta a hankali, kana sa alama da biro duk rubu'in juyi. In ɗigon ya tsaya cak, madalla. In ya zana da'ira mai faɗin milimita 10, kuskuren ya kai milimita ɗaya a kowace mita, wato sama da milimita ɗaya a kan madubin na'ura mai tsawon milimita 1200. Noti uku ne ke gyara wannan, suna kewaye da jikinta, sau da yawa an toshe su da baƙar roba. Ka tono robar da tsinke, ka sa ƙaramin alanki, ka sassauta ɗaya kafin ka ɗaure wani, har ɗigon ya koma tsakiyar da'irar. Lezar da ba ta da waɗannan noti uku, a bar ta a shago.

Matsala ta biyu tana fokasa. Notin da ke riƙe gilashin ido yana tura lezar gefe, ka taɓa ta da yatsa ɗigon ya yi tsalle. Nan ne masu tsada suka ci kuɗinsu. Hotech SCA tana da zobban roba da ke kumbura su cika ramin, ta zauna a tsakiya. Na Howie Glatter da na Farpoint an san su da ƙarfin jiki da riƙe saiti. Ga mai ɗaukar hoto da f/4 sun cancanta. Ga mai kallo da ido, zagaye ɗaya na salatif a wuyan mai araha yana rage rawar sosai, sannan a ɗaure ta daidai yadda ake ɗaure gilashin ido.

Akwai abin da babu lezar da ke gani: ko ƙaramin madubi yana zaune daidai ƙarƙashin fokasa. Zai iya juyawa gefe, wani ɓangaren haske na zubewa, ɗigon kuma ya faɗa tsakiya lafiya lau. Shi ya sa a ganina kuɗin farko na doguwar Cheshire ne, wani bututun leƙe da ake sawa a fokasa, mai zare a gicciye, ba batir, ba abin da zai karkace. Da rana, da farar takarda a cikin gangar na'ura daura da fokasa, ka leƙa ta cikinta ka gyara har ƙaramin madubin ya fito a zagaye, a tsakiya, kana ganin duk bakin babban madubi a cikinsa. Wannan aiki ba na kullum ba ne.

Daga nan sai leza. Ka kwantar da gangar kusan a miƙe, don alankin da ya suɓuce kada ya faɗa kan babban madubi. Ka tara takarda a bakin ganga ka tabbatar hasken bai kuɓuce yana fitowa ba, kafin ka kai fuskarka wurin. Da noti ukun ƙaramin madubi ka kai ɗigon cikin zoben alama da aka manna a tsakiyar babban madubi. Sannan ka koma gindi, ka sassauta noti uku na kulli, ka murɗa uku na saiti har hasken ya koma ramin da ya fito. In ka zo kullewa, a hankali, domin ɗauri da ƙarfi yana ɓata saitin.

Matakin ƙarshen nan ya fi inganci da Barlow, gilashin da ake sawa a fokasa don ƙara girman hoto. Dabara ce da Nils Olof Carlin ya yaɗa a mujallar Sky & Telescope a 2003. Ka sa lezar cikin Barlow, ka manna wa ƙasansa farar takarda mai rami a tsakiya. Hasken zai bazu, inuwar zoben madubi ta dawo kan takardar, kai kuma ka sa inuwar ta kewaye ramin. Ko lezar ta yi rawa inuwar ba ta motsawa. Wanda yake da Barlow tun farko, ba ƙarin kashe kuɗi.

Madubin da ba shi da zobe a tsakiya, ka yanka takarda daidai faɗinsa, ka ninka huɗu, ka datse tsinin, ka sa ɗigo ta ramin, ka manna ƙaramin zoben takarda. Wurin yana cikin inuwar ƙaramin madubi, ba ya rage komai. Gajerun na'urori masu gilashi a maƙale cikin fokasa kuwa, irin masu rubutun 127/1000, gilashin yana watsa lezar, sai an cire shi tukuna.

Tauraro ne ke yanke hukunci. Na arewa ba ya gusawa, sai dai a Sakkwato digiri 13 kawai yake sama da ƙasa, lokacin buji sau da yawa ba ya fitowa. Ka zaɓi wani a sama, ka riƙe shi a tsakiya, ka ɗan kauce wa fokas har ya zama zobban haske; in saiti ya yi, zobban za su zama ɗaya cikin ɗaya daidai. A watannin bazara ka ba madubin aƙalla rabin awa a waje ya huce, in ba haka ba zafin da ke tashi a ganga zai yi kama da rashin saiti. Lezar kuma a ajiye ta cikin leda mai zif saboda ƙura, ba a cikin motar da ke rana ba, kuma a cire batirin. Yawancin masu araha CR2032 suke ci, irin na rimot ɗin mota, ana samunsa wajen masu gyaran agogo da na kwamfuta.