Hidimar ba da riƙo a wani gidan marayu na Zariya

Wata goma sha huɗu ke nan da ni da maigidana muka karɓi riƙon wata yarinya 'yar shekara bakwai daga wani gidan marayu a Zariya, kuma na ga ya dace in bayyana yadda hidimarsu take domin masu niyyar yin haka.

Ta fuskar bincike kafin miƙa yaro, sun cancanci yabo. Sun nemi shaidar mai unguwarmu a Tudun Wada da sakamakon gwajin lafiyarmu, sannan jami'ar jin daɗin jama'a ta zo gidanmu sau biyu, ta duba ɗakin da yarinyar za ta kwana, har ta keɓe da surukata domin ta ji ko zuciyarta ta amince. An bi da mu ta kotu bisa dokar kare yara da Jihar Kaduna ta kafa a 2018, aka kuma bar wa yarinyar sunan mahaifinta kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Inda suka gaza shi ne tarihin yarinyar. Takardar da suka ba mu shafi ɗaya ce, babu inda ta nuna cewa bayan rasuwar iyayenta ta zauna wajen gwaggonta, ta koma hannun kawunta, daga nan wata mata ta riƙe ta wata biyar ta mayar da ita. Daga bakinta muka ji, kaɗan-kaɗan. Sai da ta yi mako shida kayanta na ƙulle cikin baƙar leda a ƙarƙashin gado, ta ƙi zuba su a akwatin da na saya mata, kuma duk ranar da ta fasa kofi ko ta yi fitsarin kwance sai ta tambaye ni cikin rawar murya: "Umma, yau za a mayar da ni?" Da an sanar da mu tun farko, da ban yi mata faɗa a kan ledar nan ba, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Sun yi alkawarin ziyara duk bayan wata uku, amma sau ɗaya kawai suka zo. Duk wanda zai je, ya dage a rubuta masa adadin gidajen da yaron ya zauna da dalilin barinsa kowanne, kafin ya sa hannu.