Mataimakin mai magani a Tawa: ɗakin maganin asibiti ko farmasin gari?

A asibiti, rabin aikin lissafi ne. Kowane magani yana da katinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, ragowar, da ranar lalacewa. Wanda ranarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da jiya ya iso. Firigo kuwa a duba shi safe da yamma, ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, domin zafin Afrilu da ɗaukewar wuta suna raunana insulin (allurar ciwon suga) da ositosin (allurar naƙuda) ba tare da kwalbar ta canza kama ba. Wanda bai yi odar maganin zazzaɓin cizon sauro tun kafin damina ba, Satumba za ta tona masa asiri.

A farmasin gari, baki ne ke aiki. Ka karanta rubutun likita, ka tambayi nauyin yaro, ka bayyana wa uwarsa da Hausa: Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, sau 2 a rana, kwana 3, tare da abinci ko nono. Ga kwanan gadi, ga mai neman tiramadol babu takarda, wanda dole a hana shi.

Gara sabon shiga ya fara da asibiti. Can ne hannu ke faɗawa.