Matsar lu'ulu'u ko babbar matsa: wacce ɗalibi zai runguma?

Duk mai son sanin yadda ma'adanai ke lanƙwasa a can cikin ƙasa, tun a digirin digirgir yake zaɓar na'urar da zai riƙa matse dutse da ita a ɗakin gwaji, kuma sau da yawa ita zai riƙe har ritaya.

Matsar lu'ulu'u, wadda aka ƙirƙira a Amurka ƙarshen shekarun 1950, tafin hannu ma ya ɗauke ta. Ana damƙe ɗan ƙwayar dutse, da kyar ya kai kaurin gashi, tsakanin lu'ulu'u biyu, a gasa shi da hasken leza. Matsinta na kaiwa na tsakiyar duniya, sama da gigafaskal 360 (gigafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne). Da ita tawagar masanin kimiyya Kei Hirose a Tokyo ta gano sabon fasalin ma'adani a 2004.

Babbar matsa irin ta Kawai (sunan wanda ya ƙirƙiro ta) kuwa tana cika ɗaki, amma da haƙoran matsi na tungsten kabaid, wani abu mai tsananin tauri, ba ta cika wuce kusan gigafaskal 25 ba, wato matsin da ke zurfin kilomita 700 a cikin ƙasa. Sai dai samfurinta ya kai milimita, zafi na zama kusan daidai ko'ina, kuma bayan gwaji za ka yanka shi ka duba yadda ƙwayoyinsa suka zame.

Ni dai, in lanƙwasa ake nema, babbar matsa zan ba ɗalibi ya fara da ita, a cibiya irin ta Bayreuth a Jamus.